Sakatar Ɗakin Barkono

Duk wanda ya taɓa ba ni aikin ƙofa ya san halina. Ba na kafa ƙyaure ƙarafansa suna waje. Ƙusoshin da ke riƙe da shi ta ciki nake ɗaura su, inda wanda ke tsaye a waje ba zai gan su ba, balle ya kwance. In kuma ɗakin yara ne, sai na ƙara sakata ta ciki, ƙasa-ƙasa, daidai inda hannun ɗan shekara shida zai kai. Masu gida sun sha yi mini tsiya a kan haka. Wani ya ce, "Kafinta, ɗakin yaro na ce ka gyara mini fa, ba banki ba." Na ce masa sakatar kyauta ce, in ba ya so ya cire da hannunsa bayan na tafi.

Ban da matata ba wanda ya san dalili. Dalilin kuwa mahaifina ne.

Shi ma kafinta ne, kuma ba zan ci amanar gaskiya ba, ya fi ni iya aiki. In ya haɗa katako biyu sai ka rantse tare suka tsiro. Duk kujerun cocinmu shi ya yi su, har yau ba wadda ta yi ƙara. Mutum ne da ba ya ihu. Mutanen unguwa suna cewa ba su taɓa jin muryarsa ta tsallake katanga ba, kuma ba ƙarya suka yi ba. In na yi laifi, ko ya ga dama ya ce na yi, sai in ruga ɗaki in tura ƙyaure in danne da bayana. Ba ya buga ƙofa. Ba ya cewa in buɗe. Sai dai in ji takunsa ya nufi akwatin kayan aiki, ya dawo, ya durƙusa. Daga nan sai ƙarar sukundireba, a hankali, ƙusa bayan ƙusa. Guda shida ne. Ina ƙirga su daga ciki. Kowace ya cire sai ya maƙale ta a leɓensa don kada ta ɓata, don shi ba ya son asarar kaya. In ya gama sai ya ɗaga ƙyauren ya jingina shi da bango a tsanake, kada fenti ya goge. Sannan ya shigo.

Dukan ba shi ne ya fi zama mini a rai ba. Fata tana warkewa. Abin da bai warke ba shi ne wannan ƙirgar, daga ɗaya zuwa shida, da kuma kwanakin da ke biyo baya, don ba ya mayar da ƙyauren sai bayan mako biyu ko uku. Haka zan kwanta, in sa wando, in yi kuka, ɗaki a wangale. Yakan ce, "A gidana ba ƙofar da ke rufuwa sai tawa."

Ranar Lahadi kuma shi ake kira ya yi addu'a, saboda ya fi kowa iya tsara ta. Ya miƙe da farar rigarsa, ya lumshe ido, ya buɗe bakin nan da ya riƙe ƙusoshi jiya, ya kira Allah Uba da wata murya mai taushi har tsofaffin mata su riƙa share hawaye. Ni kuwa ina zaune a kan kujerar da ya ƙera, ba na iya jingina bayana. Tun a lokacin na yanke wa kaina hukunci: in dai Allah uba ne, to na ƙoshi. Guda ɗaya ma ya ishe ni.

Ban daina zuwa coci ba, kada a yi mini ƙarya. Ina zuwa, ina waƙa, in rufin ya yi yoyo ni ke hawa. Amma in aka zo addu'ar nan da kowa ya haddace, wadda ake farawa da kiran Allah Uba, sai in rufe bakina gam har kalmar ta wuce, sannan in shiga sahu daga tsakiya. Shekara talatin ina haka. Matata, wadda nake kira Malama saboda tana koyarwa a makarantar firamare, ta lura tun makon farko na aurenmu. Takan zungure ni da gwiwar hannu ta ce, "Kai kullum a makare kake hawa motar nan." Fasto ma ya taɓa tare ni a bakin ƙofa, ya ce, "Ɗan'uwa, Allah ba irin iyayen duniya ba ne." Na ce, "Ranka ya daɗe, ba ka ce Yana ganin komai ba? Ba ka ce ba inda za a ɓuya Masa ba?" Ya ce haka ne. Na ce, "To ai na san irinsa. Na zauna da shi." Bai sake tayar mini da zancen ba.

Shi kansa mahaifin nawa ba na ce masa Baba. Tun ina ɗan shekara tara da ya sa ni a shago nake ce masa Maigida, kamar yadda ma'aikatansa ke faɗa, kuma hakan ya fi mini sauƙi a baki. Ranar da 'yata ta fara magana, ta miƙo hannu ta ce "Baba," wallahi sai da na waiga bayana da tsoro.

Ita kaɗai Allah Ya ba mu. Barkono muke ce mata, don 'yar mitsitsiya ce amma bakinta ba dama. Shekararta takwas. Ranar da ta cika shida na kafa mata ƙyaure na katako mai kauri, na sa sakata, na ɗora hannunta a kai na ce ta ja. Ta ja, ta tura, ta sake ja, tana ƙyalƙyala dariya. Na ce, "Wannan taki ce. In kin rufe, ko ni sai na ƙwanƙwasa." Ta ce, "Ko Mama?" Malama daga kicin ta ce, "Ku dai ku ci gaba, ni da ke wanke ɗakin za ku neme ni."

Haka muke zaune lafiya har ranar da Gwaggo, ƙanwar mahaifina da ke kula da shi tun rasuwar mahaifiyata, ta iso da shi da jakarsa a bayan mota. Za a yi mata aikin ido, ta ce, mako uku kawai. Na buɗe baki zan yi magana ta riga ni.

"Kul! Kada in ji. Ubanka ne. Ya tsufa, ƙafa ta ƙi, me zai iya yi maka yanzu?"

Na dube shi. Ya rame, wuyan riga ya yi masa yawa, yana dogara sanda. Na ji wani abu mai kama da tausayi, na kuma ji haushin kaina da na ji shi. Amma da na ɗauki jakarsa sai na ji nauyin ƙarfe a ƙasanta. Tsoho bai taho da magungunansa duka ba, sai da Malama ta koma ta ɗebo, amma bai manta sukundirebansa ba.

Kwana tara ba abin da ya faru. Yana zaune a falo, yana duba aikina da ido. Ya shafa tebur ya ce gefen bai yi laushi ba. Ya girgiza kujera ya taɓe baki. Barkono kuwa ta ɗauka ta samu abokin wasa. Tana ɓoye masa hula, tana ce masa tsoho mai ran ƙarfe, shi kuma yana kallonta shiru. Malama ta ce, "Ka gani? Jika tana narkar da kowa." Ni na san wannan shirun. Sai na daina nisa da gida.

Ranar Asabar da rana tsaka Malama ta tafi kasuwa, ni kuma na leƙa shago, nan bayan layinmu, in yanka katako biyu in dawo. Ban yi minti arba'in ba. Da na shigo tsakar gida ban ji motsin kowa ba. A kan tebur ga abinci kwano biyu ba a taɓa ba, cokali ɗaya a ƙasa. Sai na ji wata 'yar ƙara daga lungun ɗakuna, ƙarfe yana goga katako. Ni da gemuna da furfura a ciki, na tsaya a falon gidana ina ƙirga ɗaya.

Yana durƙushe a ƙofar ɗakin Barkono, sandarsa a jingine da bango. Yana bin gefen ƙyauren da bakin sukundireba, daga sama zuwa ƙasa, daga ƙasa zuwa sama, yana laluben ƙusa. Har ya tura leɓensa gaba, a shirye. Babu ko ɗaya da zai kama.

Ya ji tsayuwata bai waigo ba. Ya ce, "Wane sakaran ne ya koya maka kafa ƙofa haka?"

Na ce, "Kai ne, Maigida."

Ya juyo ya dube ni. Na tambaye shi abin da ya faru. Ya ce yana addu'ar cin abinci, bai kai rabi ba, yarinyar nan ta buɗe ido ta ce, "Kaka, Allah Ya ji, abinci na hucewa." Ya ɗan taɓa ta da sanda a kafaɗa don ta san ba a yi wa Allah wargi. Maimakon ta durƙusa, sai ta ruga ta rufe masa ƙofa. Shi. A gidan ɗansa.

"Ɗan taɓawa," na ce.

"Kai sau nawa na taɓa ka? Ga ka nan, ka zama mutum."

Na fita da gudu na zagaya bayan ɗakin. Ta gefen labulen taga na hango ta. Tana zaune a ƙasa, ta danne ƙyauren da bayanta, ta cusa yatsu a kunnuwa, ta haɗa kai da gwiwa. Ba jini, tana numfashi, ba abin da ya karye. Amma zaman nan nawa ne. Ba wanda ya koya mata shi, ga shi ta iya.

Na dawo na ƙwanƙwasa. "Barkono, ni ne. Buɗe."

Shiru.

"Barkono, Babanki ne fa. Buɗe in ga kafaɗar."

Ko motsi. Tsoho ya dafa bango ya miƙe, ya koma gefe yana kallo kamar mai duba aikin almajirin shago. Ya ce, "Ka gani ko? Ka ba ta sakata, ta rufe ka da ita. Yau ni, gobe kai. Wannan ba 'ya kake reno ba, uwar ɗaki kake reno."

Na sake bugawa, wannan karon da tafin hannu. Na kira ta da ƙarfi. Ina so in ga kafaɗarta, gaskiya ne. Amma akwai wata gaskiyar a ƙarƙashi, kuma zan faɗe ta ko da ba ta yi mini kyau ba: na ji kunya. 'Yata ta ƙi jin maganata a gaban mutumin da duk duniya ba wanda nake so ya ga gazawata kamarsa. Kunyar ta juye ta zama zafi, zafin ya hau mini kai. Ni na kafa ƙofar nan, na san sirrinta. Ƙyauren ba ya ciruwa, amma katakon da ya zagaye shi, in ka sa bakin guduma mai cire ƙusa a kusurwar sama ka danna, minti biyar ya isa. Gudumar tana rataye a ƙuguna. Ban san lokacin da na zaro ta ba. Na soka bakinta a kusurwar, na danna, katakon ya yi ƙara, fenti ya tsage.

Daga ciki na ji 'yar muryarta, can ƙasa-ƙasa. Ba kuka take ba. "Wayyo, wayyo," kawai take cewa, a jere, kamar mai ƙirga wani abu.

A bayana kuma Tsoho ya ce, "Yauwa. Ta sama za ka fara. Ashe dai ɗana ne."

Shekara arba'in da ɗaya ina jiran mutumin nan ya yaba mini. Na yi tebura, na yi gadaje, na yi ƙofofin da ba su da iyaka, bai taɓa cewa madalla ba. Yau ya yaba. Na dubi hannuna a kan guduma, na ga har riƙon nasa ne, babban yatsa a miƙe.

Na zare gudumar na ajiye a ƙasa. Na juya na miƙa masa hannu.

"Ba ni sukundireban."

"Me ka ce?"

"Ka ji ni. A gidan nan za ka ci, za ka sha, zan kai ka asibiti, in ƙafa ta ƙi gaba ɗaya ni zan ɗauke ka a bayana. Amma ba za ka sake ɗaga wa yarinyar nan ko tsinke ba. Kuma ba ƙofar da za ka taɓa. Ba ni."

Idonsa ya kaɗa. Ya ɗaga murya, karo na farko a rayuwata da na ji ta cika ɗaki. "Ni kake gaya wa haka? Ni da na haife ka? Ba ka tsoron Allah? Allah da Kansa uba ne, kuma uba ba a rufe masa ƙofa!"

Na ce, "Ƙarya ne."

Kalmar ta fito kafin in san da ita. Da ta fito kuma sai na tsaya ina dubanta, don ban san daga ina na samo ta ba. Sai abin ya faɗo mini gaba ɗaya. Shekara talatin ke nan na danna wa Allah sakata. Duk Lahadi, a cikin gidansa, a gaban jama'arsa, nake rufe bakina in ƙi kiransa da sunan da aka ce Yana so. In da irin Maigida ne, ai da tuni an wuce wurin. Wanda Ya yi itacen da nake yankawa, ƙyaurena zai gagare Shi? Amma ban taɓa jin takunsa Ya nufi akwatin kayan aiki ba. Ya ba ni Malama, Ya ba ni Barkono, Ya ba ni hannun da nake ci da shi, duk ta ƙarƙashin ƙofa, ni kuwa ina ciki na toshe kunne ina jiran ƙusa ta farko.

Na ce, "Ƙarya kake yi Masa, Maigida. Ni na rufe Masa, na fi kowa sani. Bai taɓa ɓalle mini ƙofa ba. Kai ne ka ari sunansa ka yi ta dukanmu da shi."

Na sa hannu na zare sukundireban daga yatsunsa. Ban yi zaton zai fita da sauƙi haka ba. Hannun da na yi shekaru ina mafarkinsa ashe ya zama ƙashi da fata. Ya ce zai kira Gwaggo, zai gaya wa Fasto, zai sa a san irin ɗan da ya haifa. Na ce ga waya can a kan tebur. Ya ja sandarsa ya shige ɗakin baƙi, ya maido ƙyaure garam. Sai na ji ƙarar sakata. Ita ma ni na sa ta, kuma ban hana shi ba.

Na zauna a ƙasa, na jingina bayana da ƙofar Barkono, daidai inda na san nata bayan yake ta ciki. Na ƙwanƙwasa sau biyu da ɗan yatsa.

"Barkono, ni ne na taɓa ƙofarki da guduma. Ba Kaka ba ne, ni ne. Na yi laifi, ki yafe mini. Ba zan sake ba. Ina nan zaune, ba inda za ni. In kin ga dama ki buɗe, in ba ki ga dama ba ki bari."

Ba ta buɗe ba. Malama ta dawo da kaya niƙi-niƙi, ta ga guduma a ƙasa, ta ga tsagar fenti, ta dube ni. Na gaya mata a taƙaice. Ta zagaya ta leƙa ta taga, ta dawo idonta jawur, ta ce, "In na shiga ɗakin tsohon nan yanzu, sai an kira 'yan sanda." Na ce ta yi haƙuri ta bar mu. Ta wuce kicin tana buga tukwane yadda kowa zai san ra'ayinta.

Rana ta karkata, hasken taga ya bar ƙafafuna ya hau bango. Ƙafata ta yi sanyi, bayana ya ƙage. Jira aiki ne, ashe, ya fi ɗaukar katako wuya. Sau biyu hannuna yana kai wa ƙyauren zai sake bugawa, ina maido shi. Ban san me ake yi a irin wannan zaman ba, ba wanda ya taɓa yi mini shi. Sai na ga ba ni da wanda zan tambaya sai Wanda Ya daɗe Yana yi.

Na buɗe baki, kalmar ta ƙi fitowa. Na ce a raina, ba ta Maigida ba ce, bai ƙera ta ba, ba zan bar masa ita ba. Na sake gwadawa.

"Uba," na ce. Muryata ta fito ba tsari, ba daɗin ji, ba tsohuwar da za ta yi hawaye a kanta. "Uba, ni ne. Ka san ni, mai rufe baki. Ban iya wannan abin ba. Ka koya mini yadda Kake jira."

Iyakar addu'ar ke nan. Na kifa kai a gwiwa na yi kukan da ban yi ba ranar da aka binne mahaifiyata.

Can sai na ji ƙarfe ya motsa a bayan kaina. Sakatar ta ja a hankali. Ƙyauren ya buɗe kamar faɗin tafin hannu, ido ɗaya ya leƙo, ya dubi guduma, ya dube ni.

"Baba, kuka kake yi?"

"Ƙurar katako ce."

"Ƙarya ne," in ji Barkono. Hannunta na kan sakatar bai sauka ba. "In na fito, anjima zan iya sake rufewa?"

Na ce, "Ƙofarki ce."

Ta tsaya tana auna maganar, kamar yadda nake auna katako kafin in yanka. Sannan ta buɗe ƙyauren gaba ɗaya, ta zo ta zauna a cinyata, ta janye wuyan rigarta ta nuna mini kafaɗar.